Ke Kaɗai Ce, Sadiya?

A unguwarsu ta bayan kasuwa a Gwandu, kowa da abin da yake faɗi a kan Halima Sadiya, ɗiyar Malam Usman mai albasa.

Matan da ke layin ruwa a bakin famfo cewa suke yi iska ce ta shafe ta tun tana goye, shi ya sa leɓenta ke yin shuɗi kamar wadda ta lashi baban rini. Malamar Islamiyya takan ce ba ta taɓa koyar da yarinya mai riƙe karatu kamarta ba, illa dai ba ta iya kai doguwar aya ƙarshe da numfashi ɗaya. Samari kuwa sun ce kyau kam akwai shi, amma na kallo ne daga nesa. Shekararta ashirin da shida, ba a taɓa ganin takalmin saurayi ɗaya sau uku a ƙofar zaurensu ba.

Innarta ce mai gajeren bayani.

"Da huji anka haihe ta a zuciya. Wanda Ya yi hujin Shi Ya san dalili."

Daga baya sabon zance ya fito, wai yanzu a waya ake duba ta. Wasu suka ce likitan namiji ne, har mayafi take cire masa. Wasu suka ce ba likita ba ne ma sam.

Gaskiyar ba ta kai haka daɗin ji ba. Likitar mace ce, Dakta Maryam, tana wani babban asibiti mai nisan wuni guda a mota. Shekara huɗu Sadiya na wannan tafiya duk bayan wata uku, ta isa a galabaice, ta bi layi, a duba ta minti goma, ta dawo ta kwanta mako guda. Ranar da ta faɗi a tashar mota, Dakta ta ce ya isa haka. Ta ba ta ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa ya nuna lamba, da na'urar awon jini, ta ce daga yanzu duk Larabar farkon wata, ƙarfe huɗu na yamma, za su ga juna ta bidiyo. Zuwa asibiti sai sau ɗaya a shekara, ko in abu ya ɓaci.

Gidansu ba wurin sirri ba ne. Ɗaki uku, mutum goma sha ɗaya, ga sabis sai an tsaya a bakin zaure. Don haka take hawa bas zuwa Kalgo, gidan yayarta Binta, wadda mijinta ke wuni a fadamar shinkafa.

A can ta haɗu da Rilwanu mai gyaran waya. Kyamarar wayar Binta ce ta mutu ana saura minti ashirin Dakta ta kira. Da suka kai masa ya juya ta, ya ce gyaran ba na yau ba ne, ya ciro wata tasa daga aljihu ya ba su aro. Tun daga ranar wannan lambar Dakta ke kira. Duk Larabar farkon wata zai yi mata caji, ya sa data, ya goge fuskarta da gefen rigarsa, ya kai gidan Binta da kansa, ya zauna a dakali ya jira.

Bai taɓa tambayar me aka ce ba. Abin da ya sa ta so shi ke nan.

A wata na goma sha huɗu magabatansa suka kai goro Gwandu. Malam Usman ya karɓa.

*

Larabar farkon wata da ta biyo bayan goron, zafin bazara ya kai inda ya kai. Sadiya ta sauka daga bas, ta huta sau biyu kafin ta kai gidan Binta. Rilwanu na ƙofar gida yana jiranta, yana ta danne-danne a wayar fiye da yadda ya saba.

"Yau kuma mi ya same ta?" ta tambaye shi.

"Ba komi, gyara nike mata." Ya miƙo yana murmushi. "Hajiya na gaishe ki. Mutane dai na ta kai mata zance a kanki."

Hajiya Khadija mahaifiyarsa ce, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji.

"Mi ka ce mata?"

"Na ce ta kwantar da hankalinta, ta kusa ji da kunnenta cewa lahiya lau kike."

"Wa ya ce maka lahiya lau nike? Ko ka zama likita ban sani ba?"

"Likitan waya dai. Amma wata goma sha huɗu ina kallon huskarki in kin hito. Kullum da murmushi kike hitowa. Wannan ya ishe ni awo."

Ta yi dariya ta shige. Ta ɗauka nufinsa in ta tare Hajiya za ta gani da idonta.

A ɗakin Binta ta rufe ƙofa, ta jingina wayar da kwanon samira a kan kujera, ta zauna a tabarma. Ƙarfe huɗu daidai fuskar Dakta Maryam ta fito, da tabaranta da ɗan farin mayafinta. Ta yi tambayar da take fara yi kowane wata, tun kafin gaisuwa.

"Ke kaɗai ce, Sadiya?"

"Ni kaɗai ce, Dakta."

Sai aka shiga abin da aka saba. Ta maƙala abin a yatsa, ta karanto tamanin da huɗu. Ta ɗaura na awon jini ta karanto nasa. Ta kai wayar kusa da leɓenta, ta nuna faratanta, ta sauke ta ƙasa ta danna idon sawunta da babban yatsa, Dakta na kallon ko wurin zai lotsa.

"Alhamdulillahi, ba mu ja baya ba. Maganin yana nan?"

"Yana nan." Ta murza bakin zanenta. "Dakta, an kawo goro."

"Kai, masha Allah! Mai wayar nan ne ko?"

"Shi ne." Ta sunkuyar da kai. Kwana ashirin tana shirya tambayar, sai ga ta ta fito a guntule. "Haihuwa hwa?"

Dakta ta cire tabaranta ta ajiye.

"Na so a ce muna ɗaki ɗaya za mu yi wannan maganar. Amma kin tambaya, ba zan ɓoye miki ba. Aure ba abin da zai hana ki. Ciki ne matsalar. Hujin ya daɗe ba a toshe ba, har ya ɓata hanyoyin jinin huhunki, shi ya sa ba a yi miki aiki ba. In kika ɗauki ciki..."

Hoton ya tsaya cik. Dakta ta daskare baki a buɗe, ɗan zobe na ta juyawa a kan goshinta.

Sadiya ta ɗauki wayar ta kai taga, ta ɗaga ta sama, ta dawo. Numfashinta na sama-sama.

"Kina jina? Kin ji abin da na ce?"

"Ya yanke, Dakta. Ki sake."

Haka aka maimaita mata, a hankali, kalma bayan kalma.

"Mata masu irin zuciyarki, da yawa ba sa tashi daga gadon haihuwa. Ba ɗaya cikin ɗari nake nufi ba, Sadiya. Da yawa. In shawarata za ki bi, kada ki taɓa ɗaukar ciki."

Ba ta san lokacin da kukan ya ƙwace mata ba. Ta danne bakinta da mayafi kada Binta ta ji a tsakar gida.

"Shi kaɗai ne namiji wurin uwarshi, Dakta. Tsoronta nike ji. In ta ji wannan ba za ta bar shi ba. Wallahi ina son shi, ban taɓa son kowa ba sai shi. Da na sani da ban bari ya saba da ni ba."

Dakta ta miƙo hannu kamar za ta taɓa ta, yatsunta suka rufe kyamara, hoton ya yi duhu.

"Ki gaya masa da bakinki, ke da shi. Wata mai zuwa ki zo da shi mu yi magana mu uku. Akwai hanyoyi. Kada ki yanke wa kanki hukunci yau."

Da aka gama ta daɗe a zaune. Ta ƙudurta ranar Juma'a in ya zo zance za ta gaya masa komai, a zaurensu, a tsanake. Yau dai ba za ta iya ba. Ta wanke fuska da ruwan buta, ta gyara kwallinta, ta fita.

Yana dakali. Ya ɗago ya dubi fuskarta.

Ta yi masa murmushi.

*

Juma'a ta zo, bai zo ba. Asabar ta kira shi da ƙaramar wayar Inna, a kashe.

Ranar Lahadi da hantsi tana tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, Inna na yanka kuɓewa, sai wata murya ta tsallako katanga daga gidan maƙwabta. Muryar waya ce, an ƙure ƙararta.

"Ke kaɗai ce, Sadiya?"

"Ni kaɗai ce, Dakta."

Faifan ya zame daga cinyarta. Kaji suka rugo.

Ta ji kanta tana karanto tamanin da huɗu. Ta ji kanta tana cewa an kawo goro. A bayan katangar wata ta ce, "Ku yi shiru mana, yanzu za a zo wurin." Sai ga kukanta, irin kukan da ko Inna ba ta taɓa ji ba, yana fita daga wayar wata mata. "Wallahi ina son shi." Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, wata babba ta tsawata mata, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah."

Tausayin ya fi dariyar zafi.

Inna ta miƙe da wuƙar kuɓewa a hannu ba ta sani ba.

"Sadiya, wannan ba muryarki ba ce? Mi nike ji haka?"

Sadiya ta dafe ƙirji. Leɓenta ya yi baƙi, ta durƙusa kamar yadda take yi tun tana ƙarama in numfashi ya ƙi.

Kafin azahar Binta ta sauka daga kabu-kabu, mayafinta a karkace. Ita ta kawo bayani, tana yi tana kuka.

Rilwanu ne ya saita wayar ta naɗi duk abin da aka faɗa. Ya gaji da zancen da ake kai wa Hajiya, ya ce bari ta ji daga bakin likita. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yayyensa mata sun zo gida da 'ya'yansu kamar yadda suka saba, ya tara su a ɗakin Hajiya, ya haɗa wayar da sifikar shagonsa, ya kunna.

"Bai saurara ba kamin ya kunna?" in ji Inna.

"Bai saurara ba, Inna. Wai in ya saurara shi kaɗai ya ci amanarta. Wai ya ga ta hito tana murmushi."

Sadiya ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Hajiya ta ce ya tura mata a wayarta," Binta ta ci gaba. "Ita kuma ta tura wa ƙanenta a Masama don shawara. Matarshi ta tura Kambaza. Yanzu har cikin bas ɗin da na hau wani na kunnawa."

Sadiya ta tashi a hankali, ta dafa bango, ta shiga ɗaki. Ta ɗauki abin yatsa da na'urar awon jini, ta naɗe su a tsohon ɗankwali, ta tura can ƙarƙashin gado.

*

Ranar Talata Hajiya Khadija ta zo Gwandu da kanta. Doguwar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma kusa da Inna, ta ce a kira mata yarinyar.

Sadiya ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lahiya lau, ɗiyata. Matso." Ta dube ta da kyau, leɓen, faratan. "Kin ce tsorona kike ji. Na ji da kunnena. Ni ba dodo ba ce."

Sadiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ban zo da hwaɗa ba," in ji Hajiya. "Ɗiya bakwai na haiha, namiji ɗaya. Ta biyunsu, Hadiza, a gadon haihuwa ta tahi, ni na rufe mata ido. Ita lahiyarta lau ma. In ɗana ya aure ki, ɗayan biyu ne. Ko ki hana shi ɗa, gidan ubanshi ya mutu. Ko ki ga idona ki ji kunya, ki ɗauki cikin, in sake wanke wata. Ki gaya mini wanne zan zaɓa."

"Likitar ta ce akwai hanyoyi, Hajiya," in ji Inna.

"Likitar da ke cikin waya? In abin ya zo, ta cikin wayar za ta miƙo hannu ta riƙe ta?"



"Da kin zo mun yi wagga magana tsakaninmu," Inna ta ce, "kamin duniya ta ji kukan ɗiyata."

Hajiya ta kawar da kai.

"Ƙanena kaɗai na tura wa. Ban san haka abin ke tahiya ba." Ta gyara mayafi. "Na gaya wa Rilwanu, in ya yi auren nan ba da albarkata ba. Ku yi wa Malam bayani. Goron ku bar shi, an riga an ci."

Da ta fita, Inna ta rungume Sadiya, suka yi ta kuka ba mai rarrashin wani.

Kafin mako ya zagayo wani ya turo. Malam Isa ne mai shagon taki, wanda matarsa ta rasu bara ta bar masa 'ya'ya shida. Saƙonsa a fili yake: shi ma ya ji abin da kowa ya ji, kuma shi ba haihuwa yake nema ba, mai kula da yara yake so. Malam Usman ya kira ta zaure ya gaya mata, bai iya haɗa ido da ita ba.

"Mutumin kirki ne. Amma sai abin da kinka ce, uwata."

"Baba, shi ma a waya ya ganni ke nan."

Malam Usman ya ci gaba da jan carbi.

Rilwanu bai zo ba. Saƙo dai yake ba Binta. Na farko, a gaya mata alheri ya nufa. Na biyu, a gaya mata ba shi ya watsa ba, daga Masama abin ya fita. Na uku, a gaya mata ƙaddara ce, kowa da tasa.

"Shi ke nan abin da ya ce?" Sadiya kan tambaya.

"Shi ke nan."

Larabar farkon wata ta zo, ba ta je Kalgo ba. Ta gaba ma haka. Dakta ta kira ƙaramar wayar Inna har sau uku, Sadiya na jin muryar ta juya fuska bango. Ta daina zuwa famfo, don yara na ganinta sai ɗaya ya ce, "Ke kaɗai ce?" sauran su amsa, "Ni kaɗai ce, Dakta!" Maganinta ya ƙare, ba wanda ya san ko a ƙara ko a canza. Damina ta sauka. Ƙafafunta suka kumbura har silifas ya daina shiga, salla ma sai a zaune.

"Kashe kanki za ki yi a kan namiji?" Binta ta ce mata rannan cikin fushi.

"Ba a kanshi ba ne, Yaya. Wuri ɗaya gare ni a duniya da nike hwaɗin gaskiyar jikina. Ɗakinki, da ƙohwa a rufe. Yanzu ko na rufe ƙohwa, ji nike garin ga duka na zaune a bayana."

*

Larabar farkon wata na uku, gab da la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, Binta ta leƙo ɗaki.

"Rilwanu na zaure. Baba ya ce ki hito ki sallame shi da bakinki."

Daga ɗaki zuwa zaure taku ashirin ne. Ta huta sau biyu.

Ya rame. Rigarsa ta jiƙe, da gani a kan babur ruwan ya same shi. Yana tsugune gefen buhunan albasar Baba, ga wayar nan a kan tabarma a gabansa, a cikin leda. Da ya ga ƙafafunta sai ya runtse ido.

Ta zauna nesa da shi, ta jingina da bango. Sai da numfashinta ya dawo ta yi magana.

"Mi ya kawo ka?"

"Wata biyu tana kira. Ƙarhe huɗu daidai, a shago, ina kallo har ta yanke. Ban iya ɗauka ba." Ya turo wayar kaɗan. "Saura minti goma. Ki ɗauka, Sadiya, don Allah."

"Wa za ka kunna wa na yau?"

"Haba, Sadiya."

"Tambaya na yi."

"Na goge shi. Wallahi na goge. Duk wanda ya kawo gyara na bincika wayarshi in na gani in goge. Har Masama na je, har Kambaza."

"Ka goge a waya. A bakin yaran famfo hwa? A kunnen Baba? Tsoho ya ji ɗiyarshi na rantsuwa tana son namiji, a majalisa, a gaban abokanshi."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni alheri na nuhwa. So nike Hajiya ta..."

"Yaya ta gaya mini. Alheri, da Masama, da ƙaddara. Duk sun iso." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ka san ran Juma'ar nan na shirya in gaya maka? Nan, inda kake tsugune. Na yi wanka, na sa turare, na tsara yadda zan hwara. Na ce in ka ji ka ce ka hwasa, ba zan riƙe ka ba. In ka ce ka ji ka gani, mu je wurin Hajiya tare, mu nemi lokacin da ya dace. Kwana biyu kaɗai za ka jira, Rilwanu. Kai da ka jira wata goma sha huɗu ba ka tambaya ba."

"Kin hito kina murmushi."

"Don kada ka koma gida da damuwa na yi shi."

Ya dafe kansa da hannu biyu. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Zan aure ki haka nan. Ko Hajiya ta yarda ko ba ta yarda ba. Ni ban damu da haihuwa ba."

"Yau ba ka damu ba. Kuma ba zan raba ka da albarkar uwarka ba, ga ni da rai a hannun Allah kullum. In na shiga gidanku, duk wata yayyenka za su riƙa kallon cikina. Na san kaina. Wata rana zan gaji da kallon, in yi abin da anka hana ni. Hajiya ta hi ka sanina." Ta tsaya ta ja numfashi. "Aurenmu ya mutu tun ranar da ka haɗa ni da sifika. Baba ya riga ya aika wa kawunanka."

"Malam Isa hwa? Gaskiya ne abin da nike ji?"

"Wannan ba naka ba ne yanzu. Ka bar mini abu ɗaya da ba ka ji ba."

Sai wayar ta fara ruri a cikin ledarta.

Suka zuba mata ido. Binta ta shigo da sauri, ta ajiye tsohon ɗankwalin nan a cinyar Sadiya, ta kwance shi, ta koma cikin gida ta ja labule. Wayar ta yanke. Ta sake farawa.

Sadiya ta dubi ƙafafunta. Ta miƙa hannu ta ciro wayar, ta jingina ta da buhun albasa, ta danna.

Fuskar Dakta Maryam ta fito, ta daskare, ta dawo. Ta daɗe tana kallon leɓen Sadiya da kumburin fuskarta.

"Ke kaɗai ce, Sadiya?"

Sadiya ta buɗe baki, amsar da ta saba ta ƙi fita.

Rilwanu ya matso da gwiwoyinsa har fuskarsa ta shiga hoton.

"Ba ita kaɗai ba ce, Dakta. Ni ne Rilwanu, mai wayar. Wancan karon ma ba ita kaɗai ba ce, ita dai ba ta sani ba. Ni na naɗe maganarku, ni na kunna wa mutane. Ita gaskiya ta gaya miki. Yanzu zan hita in ba ku wuri, in tsaya a waje kada kowa ya matso."

Ya ciro ɗaya wayar daga aljihu, ya kashe ta a gaban idonta, ya ajiye a kan tabarma. Ya miƙe har ya kai bakin zaure, sai ya juyo ya sake durƙusawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Masu dawowa daga masallaci suka rage tafiya. Bai sassauta murya ba.

"Ba Masama ba ce, ba Hajiya ba ce, ba ƙaddara zan laɓe bayanta ba. Ni ne. Kin ba ni amana na tona ki. Ban ce ki dawo ba, na san na rasa ki. Na cuce ki, Halimatu. Don girman Allah ki yahe mini."